Tsanin Nafi'u

Ni ce Saude mai shinkafa da wake ta bakin ƙofar 'yan kwana-kwana, kuma labarin yayana Illo zan ba ku. Sunan garinmu kam ba za ku ji shi a bakina ba, don mutanen buro, ma'aikatan ofis ke nan, dogon kunne gare su, ni kuwa a inuwar katangarsu nake neman abincina. Ya ishe ku ku san yana tsakanin Konni da Illela, kuma duk garin babu gini mai tsawo in ban da hasumiyar masallacin Juma'a da tankin ruwa.

Illo shekara ashirin da shida ya yi yana tuƙa motar kashe gobara ta garinmu. Ba soja ba ne, ba ya sa kaki. Meri, wato ofishin magajin gari, ita ce ta ɗauke shi direba, amma shi ne makaniken motar, shi ne mai wanke ta, shi ne mai zaginta in ta ƙi tashi. Dattijuwa muke ce mata, don tun ranar da anka kawo ta daga ƙasar Turawa ta riga ta tsufa. Jan fentinta ya koɗe, jiniyarta ta shaƙe, kuma sai an tura take tashi, shi ya sa kullum Illo ke aje ta a kan gangara, hancinta yana kallon ƙofa. A bayanta akwai tsani mai hawa biyu, na ƙarfen nan mara nauyi da ake zubin tukwane da shi. Ƙusa biyu ke riƙe da shi. In ka zare su, mutum huɗu sai su saɓa shi su kai shi inda sunka ga dama. A kan wannan tsani ne duk labarin nan yake.

Babanmu haƙar rijiya ce sana'arsa, a wani ƙauye can gefen Dogarawa. Ina da shekara bakwai, Illo yana da goma sha huɗu, rijiya ta rufta da shi. Ba nan take ya cika ba. Tun hantsi har la'asar ana jin muryarsa daga ƙasa yana cewa a yi a hankali. Mazan ƙauye igiya kawai gare su, kuma duk wanda anka zura sai ya yi lilo, ƙafarsa ta taɓa bango, rairayi ya ƙara zubowa. Da taimakon nasu sunka ƙarasa binne shi, Allah ya jiƙansa. Illo yana tsaye a bakin rijiyar har ƙarshe, bai yi kuka ba, kuma bai ƙara damina biyu a ƙauyen ba. Ya bi motocin Konni da Tawa yana ɗaure kaya, ya koyi gyara, ya koyi tuƙi, ya yi permi, wato lasin tuƙi. Ranar da anka kawo Dattijuwa ana neman direba, mutane suna ta kallon tiyo da jiniya, shi kuwa ya zagaya baya ya tsaya yana shafa ƙusoshin nan biyu.

A duk shekarun nan, sau nawa tsanin ya hau sama don gobara? Ni da ke bakin ƙofa na san bai wuce sau huɗu ba. Gobararmu ta dannin kara ce da rumfar kasuwa, tana ƙasa-ƙasa, tiyo ya ishe ta. Aikin tsanin Illo sauka ne. Da rani duk fadamar da ta miƙe zuwa Badaguishiri cike take da masu garkar albasa, wato lambu, kowa da rijiyarsa, kuma ƙasar wurin rairayi ce, ba ta da amana. In ta rufta da mutum sai a garzayo. Illo ya zare ƙusa, a zura tsani har ya dafa ƙasa ya tsaya cik, ba lilo, ba ƙafar da za ta taɓa bango. Sannan ya sa a ciro ƙyauren gidaje, a zura su tsakanin bango da tsani, a tokare da itace. Tsani ya riƙe ƙyaure, ƙyaure ya riƙe rairayi, sai shi ya sauka da ƙwarya ya tone mutum da hannunsa. Ba a lakwal, wato makarantar boko, ya koyi wannan ba, a bakin rijiyar babanmu ya koye shi. Mutum goma sha ɗaya ya fito da su da ransu, ban da jakuna, da wata saniya da har yau mai ita ke aiko masa da nono.

Illo yana da 'ya'ya biyar, na farin shi ne Nafi'u. Kun san yadda muke da ɗan fari, to na Illo ya wuce na kowa. Tun ranar suna bai taɓa furta sunan nan ba. "Wancan" yake ce masa. Ko wani Nafi'un daban ya gamu da shi a kasuwa, sai ya ce "mai sunan wancan". Bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ba su taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba. Uwar yaron ta rasu yana ɗan shekara biyar, ni na ƙarasa renonsa, don haka ni na zama 'yar aike tsakaninsu. Kullum da azahar Illo zai zo rumfata ya ci, ya ture naman gefe, ya ce yana kallon titi, "Wancan ya biyo ta nan?" In na ce bai biyo ba tukuna, sai ya ce, "To, a rufe." Naman na Nafi'u ne, ni da shi duk mun sani, ba mai faɗi.

Sai ga shi jini ya yi halinsa. Nafi'u ya girma, ya yi aure, matarsa Husna ta haifa masa ɗiya mace, kuma duk sana'o'in duniya bai ga wadda ta yi masa ba sai ta kakansa. Haƙar rijiya tana kawo abin sawa a baka da rani, lokacin da sauran samari ke tsallaka iyaka neman aiki. Da Illo ya ji, kwana uku bai ci abincina ba. A na huɗu ya ce, "Ki gaya wa wancan ya bari." Na gaya masa. Nafi'u ya yi dariya, ya ɗauki tsokar da ubansa ya ture, ya ce, "Gwaggo, ki ce wa Baba ya kwantar da hankalinsa. Tsoron mi zan ji, tsaninsa na nan?" Na kai saƙo yadda anka ba ni. Daga ranar kullum da safe sai Illo ya zare ƙusoshin nan ya shafa musu mai ya mayar.

Bara, bayan an gama girbin hatsi, labari ya zo cewa wani gari na ƙasar waje da ya ƙulla abota da namu ya ba mu sabuwar mota. Kowa ya yi murna, har ni, don na gaji da ganin ƙattin maza suna tura Dattijuwa wuta na ci. Anka ce tsanin sabuwar da kansa yake miƙewa, maɓalli kawai ake dannawa, kuma yana kai bene hawa goma. Na ce to madalla, sai mu jira a gina benen.

Shugaban 'yan kwana-kwananmu shef Abdulhamid ne, yaro mai ladabi, shekara biyu ke nan da kawo shi daga Yamai, kuma a zamaninsa rijiya ba ta taɓa ruftawa da kowa ba. Illo ya same shi ya ce, "Shef, tsanin sabuwar, ana cire shi?"

Shef ya ce, "A'a, manne yake da motar."

"Yana sauka ƙasa?"

Shef ya yi dariya, ba ta raini ba, ya ce, "Baba Illo, tsani ai sama yake zuwa."

A ranar kuma munka ji cewa an sayar da Dattijuwa ga Alhaji Maikuɗi, mai sayen tsofaffin ƙarafa a Konni. Daga nan Illo bai sake samun natsuwa ba. Bai roƙi a bar motar ba, bai roƙi a bar masa aikinsa ba, ko da yake ya san an riga an horar da wani saurayi don tuƙa sabuwar. Tsanin kaɗai ya roƙa. Shef ya nuna masa takarda, ta ce mota da duk abin da ke jikinta. Illo ya je meri, safiya uku yana zaune a kan benci da hularsa a gwiwa, a ƙarshe sakatare ya leƙo ya ce magajin gari ya riga ya sa hannu. Ya hau mota har Konni ya ce wa Alhaji Maikuɗi ga ragonsa na layya a madadin tsanin. Alhaji ya ce, "Ba komai, ma yi magana in na zo ɗauka." Mutumin da ba ya roƙon ko ashana, ga shi yana bin ƙofa-ƙofa, har ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ranar da ya dawo daga Konni na aje ludayi na ce, "Yaya, wai mi kake gaya musu in ka shiga?"

Ya ce, "Ina ce musu akwai rijiyoyi a fadama."

"Ka ce musu ɗanka ne ke shiga cikinsu?"

Ya dube ni kamar na zage shi.

Na ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Yaya. Shef ɗin nan baƙo ne, bai san kana da ɗa mai haƙar rijiya ba, waɗanda sunka sani kuma suna yi maka kara, ba su tada zancen. Rijiyoyi a fadama magana ce ta takarda. Ka je ka ce masa ɗana, ka faɗi sunansa, ka gani in bai motsa ba."

Ya ce, "In tsaya gaban sa'an wancan in yi roƙo don wancan? A ce duk kai-kawon da Illo ke yi don ɗansa yake yi? Ina zan sa fuskata a garin nan?"

"To bari ni in je."

"In kin je, ba ni ba ke, Saude."

Na san ba wasa yake ba. Na ce to ya zare ƙusoshin mu kai tsanin gidana mu rufe shi da kara, ba wanda zai lura sai mota ta yi nisa. Ya ce kayan gwamnati ne, shekara ashirin da shida ko lita ɗaya ta gazuwal, man motar, bai taɓa ɗauka ba, ba zai fara sata da furfura ba. Na yi tsaki, na ce Allah ya shirye shi da taurin kai, na koma kan tukunyata. Iyakar abin da na yi ke nan, kuma shi ke cina har yau.

Ran Laraba da yamma yaran Alhaji Maikuɗi sunka zo da babbar mota sunka ɗaura wa Dattijuwa sarƙa. Alhajin bai zo ba. Illo ya ce musu akwai magana tsakaninsa da ubangidansu a kan tsanin, sunka ce su ba a gaya musu ba. Ya bi bayanta da ƙafa har bakin kwalta, sannan ya dawo ya zauna a kan gangarar da take tsayawa.

Washegari Alhamis ake bikin karɓar sabuwar. Anka kafa rumfuna, anka jera kujeru, makaɗa sunka zo. Motar kam ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba, ja wur, kana ganin fuskarka a jikinta. Anka danna maɓalli tsani ya miƙe da tuta a kansa har ya wuce hasumiya, mata suna guɗa. Illo yana tsaye can baya da tsumma a hannu, don shi anka sa ya goge ta.

Ana cikin jawabi da hantsi sai ga moto, wato babur, ta tsaya gaban rumfata. Sharifu ne, mai garkar albasa a fadama, wandonsa duk laka. Maimakon ya faɗi abin da ya kawo shi sai ya tsaya gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ina gida. Sannan ya ce, "Inna Saude, ƙasa ce ta ɗan zubo wa wani ma'aikaci a garkata."

Na ce, "Wane?"

"Da ransa, yana ma magana."

"Na ce maka wane?"

Ya sunkuyar da kai. Ban sake tambaya ba. Na ratsa kujerun manya da zanen girkina, wani jandarma yana miƙo hannu zai tare ni na ture shi, na tsaya gaban Illo na ce, "Yaya, rijiya ta rufta da Nafi'u." Tsumman ya faɗi daga hannunsa. Shef yana kusa, ya ji, ya tambaye ni waye Nafi'u. Na ce ɗansa ne, ɗan farinsa.

Allah ya saka wa yaron nan da alheri, bai jira jawabi ya ƙare ba. Ya sa anka sauke tsani, anka yar da tuta, mota ta fita da gudun da Dattijuwa ba ta taɓa mafarkinsa ba. Ni na bi su a bayan moton Sharifu.

A fadama motar ta tsaya can nesa a kan tudu, don nauyinta ya fi ƙarfin ƙasar garka, in ta matso ita ce za ta ƙarasa rushe rijiyar. Ko ta matso ma mi za ta yi? Tsaninta sama yake kallo. Rijiyar gaba shida ce. Nafi'u yana can ƙasa, rairayi ya kama shi har ƙirji, kuma gefe ɗaya na bangon ya kumburo yana jiran ɗan dalili. Wani cikin 'yan kwana-kwana ya ɗaura igiya a ƙugu zai sauka, Illo ya damƙe shi ya ce ba mai shiga da igiya sai dai a bi ta kan gawarsa. Anka kawo tsanin rumbu guda uku daga ƙauye anka ɗaure su, da anka gwada su a waje sai sunka lanƙwashe, na tsakiyar ya tsage. Shef ya buga waya babban gari, anka ce motarsu tana wani aiki can nesa. Ya sa samari su fara haƙo gangara daga gefe, Illo ya duba ya ce ba za su kai ba sai gobe. Anka kira lambar Alhaji Maikuɗi sau ba adadi, ba ta shiga, ashe ya tsallaka Najeriya tun asuba.

Illo ya ce wa Sharifu ya tada moto, Konni za su. Kafin ya hau ya matsa bakin rijiyar a hankali, ya leƙa, ya ce, "Kai wancan, kar ka motsa."

Daga ƙasa murya ta ce, "To, Baba."

Anka shimfiɗa mini ƙyaure a bakin rijiyar na kwanta rub da ciki, don a ce akwai mai yi masa magana. Ina zura masa ruwa a gora da zare. Husna ta iso da goyonta, mata sunka riƙe ta a gindin wani icce, ina jin kukanta ina yi kamar ban ji ba. Nafi'u ya ce, "Gwaggo, ya tafi ɗauko shi?" Na ce ya tafi. Ya ce, "To ai shi ke nan." Wallahi wannan "shi ke nan" ta fi kuka ciwo, don shi bai san an sayar da tsanin ba, ba wanda ya gaya masa, ni ma ban iya ba.

Rana ta take. Rairayi yana zuba kaɗan-kaɗan, kana jin shi kamar ana tankaɗe. Bayan azahar wani ɓangare ya sake ɓallewa, da ƙura ta lafa na ga ya kai masa wuya, hannu ɗaya kawai ke waje. Na roƙi Allah duk roƙon da na iya, na yi alkawarin azumi, na zagi kaina, na zagi meri, na zagi wanda ya ƙera motar da ke tsaye can tana ƙyalli. Shef da kansa ya tuɓe riga ya kama shebur tare da masu haƙar gangara.

Can Nafi'u ya ce, da ƙyar, "Gwaggo, da anka gaya wa Baba, ya ce wani abu?"

Na ce, "Ya ce wayyo Nafi'unsa."

Sai na ji 'yar dariya daga ƙasa. Ya ce, "Gwaggo, ke ma kin san ƙarya kike."

Abin da ya faru a Konni daga bakin Sharifu na ji shi. Sun iske Dattijuwa a filin Alhaji Maikuɗi lafiya lau, ko ƙusa ɗaya ba a kwance mata ba. Tsanin kaɗai anka taɓa. Tun da safe yaran sunka sauke shi sunka yanka shi gida huɗu, don irin ƙarfensa ba ya kwana, masu zubin tukwane suna jira. Uku suna nan a ƙasa, na huɗun wani maƙeri ya riga ya tafi da shi. Illo ya durƙusa gaban yaran da ya haifi kamarsu, ya ce mutum ne a cikin rijiya. Sharifu ne ya ƙara musu da cewa ɗansa ne. Sunka ba shi ukun, ɗayansu ya raka shi da gudu har maƙera, sunka iske gutsuren jingine kusa da wuta, tukunya ɗaya ta rage a kai gare shi. Wani mai ƙaramar motar kaya ya kwashe su bai tambayi komai ba.

Ana sallame la'asar sunka iso. Illo bai dubi kowa ba. Ya jera gutsuren huɗu a ƙasa, ya sa itace gefe da gefe a kowace gaɓa, ya naɗe da igiya kamar mai ɗorin karaya, ƙullinsa ko ɗaya bai kuskure ba. Na leƙa na ce, "Nafi'u, ga shi ya zo, ga tsanin." Ya ɗaga hannun nan ɗaya. Saura gaɓa ɗaya a gama ɗauri bangon da ya kumburo ya saki. Da ƙura ta kwanta ban ga hannu ba, ban ga kai ba, sai rairayi shimfiɗe.

Anka zura tsani, anka zura ƙyaure, anka tokare, duk cikin ɗan lokacin da ban san mutane na iya yi ba. Shef ya ce shi zai sauka, Illo ya ture shi ya kama matakala da ƙwarya a haƙora, yana da shekara hamsin da bakwai. Da ya isa ƙasa sai ya tsaya, don rairayin ya daidaita ko'ina, bai san inda kan yake ba, kuma in ya taka wurin da ba shi ba ya ƙara danne shi.

Shef ya leƙa ya ce, "Baba Illo, kira shi, ko zai motsa ka gane wurin."

Munka ji Illo ya ce, "Kai wancan." Shiru. Ya sake, "Kai wancan, ka ji ni?" Shiru.

Sai ya ce, a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da bai taɓa ci ba, "Nafi'u." Sannan ya ɗaga murya, rijiya ta ɗauke ta ta watso mana sama, duk fadamar ta ji. "Nafi'u. Nafi'u, ɗana, ni ne, na zo da shi." Yana faɗi yana tona da hannu biyu, ya ma manta da ƙwaryar.

Ni dai na ji an ce na'am. Sharifu ya ce bai ji ba, shef ya ce bai ji ba, amma ni ce kunnena ke bakin rijiyar, kuma a kan haka zan mutu.

Ya same shi. Ya tone shi har ƙugu, anka zura igiya sunka taimaka, sannan ya goya shi a baya ya hau da shi mataki-mataki, tsanin yana ƙara a kowace gaɓa. Wannan ne karo na farko da mutane sunka ga Illo ɗauke da ɗansa. Sabuwar mota ta kai shi likita cikin ƙiftawar ido, likita ya duba ya ce ai tun a can ya cika.

Ran sadakar uku shef Abdulhamid ya zo gaisuwa. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa gaban Illo a kan tabarma, idonsa ja, ya yi addu'a, sannan ya ce abin da na san da zuciya ɗaya ya faɗe shi. Ya ce, "Baba Illo, don mi ba ka gaya mini ba? Da na san ɗanka ne ke shiga rijiyoyin nan, wallahi da hannuna zan zare maka ƙusoshin, takarda ta yi abin da za ta yi."

Illo ya daɗe yana jan tazbaha. Ya ce, "Haka Allah ya rubuta." Sannan ya ɗago ya dube ni ta ƙofar zaure. Na kau da kai, don ni ma ina da ƙafa, ina da baki, kuma daga rumfata zuwa buron shef taku ashirin ne.

Yanzu Illo ba ya aiki a meri. Ya kai gutsuren nan huɗu wurin mai walda anka haɗa su, ya ba da ragonsa ya karɓi jaki da amalanke. Tun da rani ya kama, kullum da safe yana ɗora tsanin ya nufi fadama. Duk inda ya ji ana haƙa sai ya tsaya, ya sauke shi a gefe, ya zauna har mai haƙar ya fito. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ke biyansa. Sabuwar mota tana nan tana aikinta, ta kashe gobarar kasuwa da kyau, tsaninta kuma an hau shi sau biyu don gyaran lasifikar masallaci.

In baƙo ya tambaye shi wannan fa, sai ya ce, "Tsanin Nafi'u ne. Ɗana ne, ɗan farina." Yana faɗin sunan a kasuwa, yana faɗinsa a masallaci, har wasu tsofaffi sunka fara gunaguni wai Illo ya zubar da kunya. Ɗaya ta kawo mini zancen har rumfata, na ce ta kwashe kwanonta ta ba ni wuri kafin in manta da furfurarta.

Jiya ma ya zo da azahar ya ci. Ya ture naman gefe, ya dubi titi, ya buɗe baki zai yi tambayar da ya saba. Sai ya tuna. Ya ce, "Ki kai wa ɗiyar Nafi'u," ya tashi ya kwance jakinsa.